Kama da wane ba ta wane: inda mahaɗin jirgin ƙasa ya kamata ya zauna



Yau maganarmu a kan wani ɗan ƙarfe ce da yawancin matafiya ba sa ko kallonsa, wato mahaɗin da ke riƙe tarago da tarago, ya kuma riƙe kan jirgi da abin da yake ja. Tambayar da muka ɗauko ita ce: a jikin me ake ɗaure shi? A jirgin gaske amsar kusan guda ce, a ƙananan jiragen kwaikwayo da ake shimfiɗawa a kan tebur kuwa amsar biyu ce, kuma wannan bambancin ya cinye wa wasunmu kuɗi da barci. Matsayarmu tun daga farko ita ce, duk mai son ƙaramin jirginsa ya yi aiki irin na babba to a jikin tarago zai ɗaure mahaɗi, amma bayan ya gyara kwanar layinsa. Wanda ya juya wannan jerin zai yi asara sau biyu, kamar yadda muka yi.

Bari mu fara da babban jirgi. Idan kuka tsaya a gefen kan jirgi na zamani za ku ga yana zaune a kan wasu kekunan ƙarfe guda biyu, kowanne da ƙafafu huɗu ko shida. Su ake kira bogi. Bogi yana juyawa a ƙarƙashin jirgi don ya bi kwana, yana kuma ɗauke da sifirin da birki, a kan jirgi har da motocin lantarkin da ke juya ƙafafun. Mahaɗi ba ya jikinsa. Yana can ƙarshen shasi, wato doguwar ƙwarangwal ɗin ƙarfe da ta tashi daga goshin jirgi zuwa ƙeyarsa. An yi masa aljihu a cikin shasin, a bayansa kuma akwai wani matashi na sifirin ko roba mai kauri ko faifan ƙarfe masu gogar juna, wanda ke shanye fizga da karo kafin su isa jikin taragon. Ƙarfin da ƙafafu suka samar yana hawa daga bogi zuwa shasi, daga shasi zuwa mahaɗi, daga nan ya bi ƙashin bayan kowane tarago har zuwa na ƙarshe.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Taragon da ke bin kan jirgi kai tsaye ba nauyinsa kaɗai yake ɗauka ba, duk abin da ke bayansa a wuyansa yake rataye. In da a jikin bogi aka ɗaure mahaɗi, da wannan ja na dubban tan zai riƙa murɗe bogin yana tilasta wa ƙafafu su kalli inda layi bai nufa ba. Abin da ke hana ƙafar jirgi gocewa ɗan leɓe ne a gefenta na ciki, tsayinsa bai wuce santimita uku ba. Ba a ɗora wa irin wannan leɓen rikicin jirgi guda. Kowane direban janwe ya san wannan ka'ida ko da bai taɓa shiga jirgi ba: in za a ja motar da ta mace a shasi ake ɗaura sarƙa, ba wanda ke ɗaurawa a ƙarfen sitiyari sai mai neman ɓarna.

Mahaɗin da ya fi yaɗuwa a manyan jiragen kaya na duniya shi ne mai kama da hannu biyu da suka lanƙwashe yatsu suka sarƙe juna. Wani Ba'amurke, Eli Janney, shi ya yi masa rajistar mallaka a 1873. Kafin nan ana amfani da zoben ƙarfe da ƙusa ne: ma'aikaci zai shiga tsakanin taragai biyu, ɗaya na tahowa, ya riƙe zoben da hannu ya saita shi cikin rami, sannan ya zura ƙusa. Yatsu da hannaye da rayuka sun salwanta a wannan aiki. A 1893 majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta mahaɗin da ke kama kansa da kansa, wanda ake kwancewa ba tare da mutum ya shiga tsakani ba, dokar kuma ta fara aiki gadan-gadan a 1900. Haɗurran haɗa taragai da suka kai kusan 11,000 a 1892 sun sauko zuwa 2,000 da 'yan kai a 1902, alhali ma'aikata ƙaruwa suka yi. An kuma tsayar da tsayi ɗaya: tsakiyar mahaɗi kada ta wuce inci 34 da rabi daga saman dogo. Ba za a iya riƙe irin wannan ƙa'ida ba sai kowa ya san inda abin yake zaune. Yau Amurka da Kanada da Meziko da China da Afirka ta Kudu duk dangin wannan mahaɗin suke amfani da shi. Turai kuwa har yanzu yawancin taragan kayanta ƙugiya ce da sarƙa mai noti, da faifan karo biyu a gefe, amma su ma a goshin shasi suke zaune.

Wani zai ce ai akwai jiragen gaske da mahaɗinsu ke jikin abin da ke juyawa. Gaskiya ne, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Kan jirgin lantarki na GG1 da kamfanin jiragen Pennsylvania ya yi amfani da shi daga shekarun 1930 yana zaune ne a kan manyan firam biyu masu gaɓa a tsakani, mahaɗan kuma a ƙarshen waɗannan firam suke. Haka nan injinan tururi samfurin Garratt na kamfanin Beyer, Peacock da ke Manchesta, waɗanda suka yi aiki a ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya: tukunyar na rataye a tsakiya, injin ɗaya a gaba ɗaya a baya, mahaɗi kuma a ƙarshen kowane injin. Sai dai in an duba da kyau, waɗannan ba su karya ka'idar ba. A irin wannan ƙira firam ɗin da ke juyawa shi ne ƙashin bayan, ƙaton ƙarfe ne da aka ƙera don ɗaukar ja. Ko'ina aka je, mahaɗi na zaune a jikin abin da aka gina don ya ɗauki nauyin jirgin.

To me ya sa masu ƙera ƙananan jirage suka kauce wa wannan? Amsar tana cikin faɗin ɗaki. Mu ɗauki ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, inda ake rage komai sau 87. Kwanar da ke zuwa cikin kwalin jirgin masu farawa a Amurka yawanci mai inci 18 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi. A ninka wannan sau 87, zai ba da mita 40 ko ƙasa da haka kaɗan. Babu babban layin dogo mai irin wannan kwana. A layin gaske ana maganar ɗaruruwan mita ne, a layin masu gudu kuwa dubbai. Ma'aunin O na jiragen Lionel ya fi ma tsanani: layin da suke kira O-27 da'irarsa gaba ɗaya inci 27 ce, wanda in an mayar da shi girman gaske kwanar ba ta kai mita 17 ba. An rage jirgin daidai wa daida, amma an matse kwanar fiye da kima don ta shiga falo.

Mun zauna mun yi lissafin abin da wannan ke jawowa, kuma kowa na iya maimaita shi da takarda da fensir. Taragon fasinja na Amurka mai tsawon ƙafa 85 yana zama kusan santimita 30 a HO. Da yake taragon miƙaƙƙe ne layin kuma lanƙwasasshe, ƙarshensa na leƙawa waje a kan kwana. A kwana mai inci 18 tsakiyar ƙarshen taragon tana kaucewa daga tsakiyar layi da kusan milimita 12. Faɗin layin HO duka milimita 16.5 ne, rabinsa takwas da ɗan wani abu. Ke nan mahaɗin da ke jikin wannan tarago ya riga ya tsallake dogon waje yana shawagi a iska. Gajeren taragon kaya mai ƙafa 40 kuwa kaucewarsa ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba. A haɗa su biyun, dogon zai fizgi gajeren gefe ya kayar da shi. Wannan taragon dai a girmansa na gaske, a kan kwana mai mita 300, kaucewarsa wajen santimita 14 ce kawai, a layin da faɗinsa ya kai mita 1.435. Ga bambancin nan a fili.

Dabarar da masu ƙira suka fito da ita ita ce a ɗaure mahaɗi a jikin bogi. Tunda bogi na bin layi sau da ƙafa, mahaɗin ma zai kasance kusa da tsakiyar layi komai tsananin kwana. Masu wannan sha'awa a Amurka suna kiran irin wannan bogi Talgo. A jiragen Lionel da makamantansu masu dogo uku, har goshin kan jirgin da matakalarsa ake haɗawa da bogi, shi ya sa in ya shiga kwana za ka ga haɓarsa ta karkace ta bar jikin, ga giɓi a tsakani. Ba ma ganin wannan a matsayin ha'inci. Mutum ya sayo wa ɗansa jirgi, yaro ya shimfiɗa shi a kan tabarma, ya zagaya ba tare da ya faɗi ba: ciniki ya yi kyau. Ba don wannan dabarar ba da yawancin gidaje ba su da wurin da jirgin zai juya.

Matsalar tana fitowa ne ranar da aka ce jirgi ya yi baya. Mu nan muka gane wa idonmu. Mu 'yan ƙalilan ne a cikinmu da wannan sha'awa ta kama, muka haɗa kuɗi muka sa aka kawo mana kan jirgi ɗaya da taragai goma sha biyu, yawancinsu na hannu. A hutun makaranta muka shimfiɗa layi a kan fallen katako don yara su gani. Muddin gaba ake yi lafiya lau. Da muka sa ribas don mu tura taragai takwas cikin layin gefe, sai na uku ya hau dogo a daidai mararraba ya kwanta, na huɗu ya bi shi. Muka zargi layin, muka zargi wanda ya sayar mana, muka goge ƙafafu, muka sake gwadawa har dare. Daga baya muka durƙusa muka sa ido daidai da layi, sai muka ga abin da ke faruwa. Idan ana ja, ƙarfin na miƙar da bogi ya daidaita shi da na gabansa. Idan ana turawa, ƙarfin na shiga ta bakin mahaɗi, wanda yake kamar dogon hannu ne a jikin bogi, sai ya murɗa bogin gefe, leɓen ƙafa ya matsu da dogo, da ya samu ɗan giɓi a mararraba sai ya haye. Iya yawan taragan da ake turawa iya ƙarfin murɗawar.

Nan ne muka yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo domin da hannunmu muka yi shi. Muka yanke mahaɗan daga jikin bogi duka, muka manna sababbi a jikin taragai, har da dogayen na fasinja guda biyu. Gajerun suka gyaru nan take, ana tura su ta mararraba kamar ba su ba. Dogayen kuwa ko zagaye ɗaya ba su iya ba, suna shiga kwana suke yar da abin da ke biye da su. Mun riga mun yanke, ba a mayarwa. Suna nan a kan kanta har yau, muna kallonsu suna kallonmu.

Saboda haka muke cewa jere shi ne komai. Farko a auna kwana. Fallen katako mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8 ba ya ɗaukar kwanar da ta wuce inci 22 a HO, domin da'irar kanta inci 44 ce a cikin faɗin inci 48. A kan irin wannan tebur, gajerun taragan kaya masu ƙafa 40 ko 50 da ƙananan kawunan jirgi masu ƙafafu huɗu-huɗu za su yi aiki da mahaɗi a jiki ba matsala. Dogayen taragan fasinja na son inci 24 ko sama, kuma ba sa fara kyan gani sai wajen inci 30. Wanda ɗakinsa bai kai ba, ko ya haƙura da dogaye ko ya bar su da mahaɗinsu na bogi ya daina tura su baya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, tsayi. Ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta tsayar da tsayin tsakiyar mahaɗin HO a kan kashi 25 cikin 64 na inci, wato kusan milimita 10. In kuka raba inci 34 da rabin nan na babban jirgi gida 87 za ku ga kusan nan ya faɗo. Bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa mahaɗi biyu su zame wa juna a inda layi ya ɗan yi tudu. Akwai ɗan ma'auni da ake ɗorawa a kan layi don gwada wannan. Na uku, nauyi. Shawarar ƙungiyar ita ce taragon HO ya kai oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. Tarago mai inci 6 zai zama oza 4, kusan giram 113. Wanda bai kai ba a manna masa ɗan ƙarfe a ciki, ƙasa-ƙasa, a tsakiya. Na huɗu, inda kwanar dama ta haɗu da ta hagu a sa miƙaƙƙen layi a tsakani wanda ya kai tsawon taragon da ya fi tsawo, domin a irin wannan wuri ƙarshen tarago ɗaya na leƙawa dama na biyun na leƙawa hagu. Na ƙarshe, a guji haɗa mai mahaɗi a jiki da mai mahaɗi a bogi kusa da juna a matsattsiyar kwana, musamman in tsawonsu ya bambanta.

Ya kamata mu faɗa cewa akwai hanya ta uku, kuma Turawan nahiyar Turai ne suka fi bin ta. Suna ɗaure mahaɗi a jikin tarago amma a kan wani hannu da ke zamewa cikin tsagi mai siffar fikafikan tsuntsu. A miƙaƙƙen layi hannun na janye taragai su matso kusa da juna kamar na gaske, a kwana kuma sai ya karkata ya ƙara tsawo don kada kusurwoyi su yi karo. Sun kuma daidaita aljihun da mahaɗi ke shiga a ƙarƙashin ƙa'idar NEM 362, ta yadda za a zare na wani kamfani a zura na wani. A Amurka kuwa wasu tagwaye, Keith da Dale Edwards, su suka kafa kamfanin Kadee a shekarun 1940, suka fito da ƙaramin mahaɗi mai kama da na Janney wanda maganaɗisun da ke ƙarƙashin layi ke buɗewa, yana zuwa da ɗan akwatinsa da ake ɗaurewa da sukuru a jikin tarago. Wanda zai saya ya tambayi wanne ne a jikin abin da za a aiko masa tun kafin ya biya, domin kuɗin jigila daga waje ba ya dawowa.

Kada kuma mu ɗauka babban jirgi ya tsira daga wannan lissafi. Dokar ɗaya ce, faɗin kwana ne kawai ya sassauta masa. Kamfanonin jiragen kaya suna da ƙa'idojin jera taragai: ba a son dogon tarago marar kaya ya maƙale da gajere a gaban nauyi mai yawa, don in an ja da ƙarfi a kwana jerin na iya miƙewa kamar igiya ya faɗa ciki, in an taka birki da ƙarfi kuma ya tanƙware ya fita waje. Dogayen taragai masu ƙafa 89 ana sa musu mahaɗi mai dogon wuya don ya samu wurin karkata. Abin da ya kayar mana da tarago na uku a kan tebur ɗan uwan abin da injiniyoyi ke lissafawa ne kafin jirgi mai tsawon kilomita biyu ya tashi.

Wannan ne ya sa muka ga maganar ta cancanci makala guda. Yaran da suka taru a kan teburinmu ranar nan sun ga jirgi ya faɗi, ɗaya daga cikinsu ya ce ai haka jiragen gaske ma suke, ba sa iya baya. Abin wasa ya koya masa abin da ba haka yake ba, kuma ba laifinsa ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, layin Abuja zuwa Kaduna na zamani ya fara ɗaukar fasinja a 2016, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa sunkuyawa suka kalli abin da ke tsakanin tarago biyu. Ƙaramin jirgi na iya zama makaranta mai kyau ga yaron da zai zama injiniya gobe, matuƙar babban da ke kusa da shi ya san inda samfurin ya bi gaskiya da inda ya yi sassauci saboda ƙuncin ɗaki, ya kuma nuna masa duka biyun. Mu dai mun ajiye tarago ɗaya mai mahaɗi a bogi ba mu taɓa shi ba. Duk yaron da ya zo mukan ba shi ya tura shi da yatsa ta mararraba, sannan ya tura wanda aka gyara, ya faɗa mana da bakinsa abin da ya ji a yatsan.

Wanda tafiya ta kai shi tashar Rigasa ko ta Idu a wannan mako, ya tsaya a bayan layin da aka shata wa fasinja ya dubi tsakanin taragai biyu, ya ga inda mahaɗi ya shige cikin shasi da inda bogi yake zaune shi kaɗai a ƙasa. Waɗanda kuma suka riga mu shiga harkar ƙananan jirage, musamman masu ma'aunin N da ake rage shi sau 160, muna son jin yadda kuka yi da dogayen taragai a ƙaramin wuri, ko ma samu dabarar sauko da namu biyun daga kanta.